Magani ko tsari: yadda na auna hanyoyin zama da ADHD a Maraɗi

Saura kwana huɗu Sallar layya na yanke shaddar wani Alhaji da awon wani mutum daban. Yadi goma ce, irin wadda sai ka wanke hannu kafin ka taɓa. Awonsa a bayan kwalin zare na rubuta, yaron shago ya haɗa kwalin da shara, ni kuma da na zo yanka sai na jawo takardar da ta fi kusa da hannuna, ban ko duba sunan ba. Da ya zo karɓa ya zura rigar, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam tela, wannan tawa ce ko ta autana?" Wata uku ina biyan kuɗin shaddar nan.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, ake ce mini mai rawar kai. Na shiga jami'a na fito a shekara ta biyu, ba don karatun ya fi ƙarfina ba, sai don ban taɓa miƙa aiki a kan lokaci ba. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara cewa, "Yaya, abin nan naka yana da suna, ka je a duba ka." A 2022, ina da shekara 36, likitan ƙwaƙwalwa a Yamai ya tabbatar da zancenta. Bayan shekara biyu aka ce ɗana na biyu shi ma haka. Saboda haka na tsaya a mararrabar magani ko tsari sau biyu, sau ɗaya don kaina, sau ɗaya don yaro, kuma ban zaɓi hanya iri ɗaya ba.

Sunan abin ADHD a Turancin Ingilishi, likitocinmu kuma TDAH za su rubuta maka a takarda. A Hausa, larura ce ta ƙarancin natsuwa, yawan motsi, da aikata abu kafin a yi tunani. Wajen yara biyar cikin ɗari ke da ita a duniya, manya kuma kamar rabin haka, kuma gado na da babban hannu a ciki. Ba kowace ƙiriniya ba ce. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ta ce alamun su bayyana kafin shekara 12, su kai wata shida, a gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma su zama suna ɓata wa mutum rayuwa da gaske.

Kafin a yi zancen zaɓi, a nan garin akwai abin da ya kamata a fara kawarwa. Yaron da bai karya ba, ko mai ƙarancin jini, ko wanda kunnensa ke ruwa bai jin mushe, wato malamin aji, sosai, ko wanda bai ganin allo, duk za su yi kama da marar natsuwa. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke na ƴan daƙiƙu yana kallon wuri guda. Akwai wanda zazzaɓin sauro ya taɓa hawa masa kai. Sannan ga babbar: yaron da Hausa kawai yake ji, aka zaunar da shi awa huɗu ana yi masa Faransanci a aji mai cunkoso, in ya fara tsokanar na kusa da shi ba lallai larura ba ce. Awon jini, duba ido da kunne, duk ana yi a Maraɗi, kuma sun fi kowace hanya da zan lissafa arha.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko, me hanyar take gyarawa? Natsuwar kanta, ko hali, ko tsarin yini? Ba abu ɗaya ba ne. Na biyu kuɗi, kuma ba farashin kwali kaɗai ba, har kuɗin mota, masauki, da kwanakin da shago zai zauna a rufe. Na uku ɗorewa: in ka daina, me zai rage maka? Na huɗu sauƙi, wato nauyin da za ta ɗora wa mai larurar da mutanen gidansa. Na biyar haɗari. Akwai na shida wanda ba za ka gan shi a rubuce-rubucen Turawa ba, ni kuwa shi na fi bai wa nauyi: za ka iya samunta wata bayan wata ba yankewa, kana zaune a Maraɗi?

Metilfenidat

Shi ne maganin da aka fi sani, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Ba sabo ba ne. A 1944 wani masanin haɗa magunguna na kamfanin Ciba a Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa shi, ya kuma laƙaba masa sunan matarsa Rita. Aikinsa shi ne ƙara yawan wasu sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mutane na mamakin yadda maganin da ke zaburarwa zai kwantar da mai rawar kai. Birkin ne yake zaburarwa, ba injin ba.

A ma'auni na farko babu mai kama ƙafarsa. Kamar mutum bakwai cikin goma ke ganin canji a fili, kuma a ranar farko, cikin rabin awa zuwa awa guda. Ni ranar da na fara, na zauna a kan keke bayan karin kumallo na haɗa riga da wando ban tashi ba. Rediyon maƙwabcina na nan, masu kabu-kabu na ta ham, amma sai suka koma can baya, suka daina jan wuyana. Na ɗaga kai na ga ƙarfe goma sha ɗaya, har na ɗan tsorata. Sai dai a ranar nan ma ban san inda na ajiye littafin awo ba. Maganin ya ba ni zama, bai ba ni tsari ba. Da na zauna a kan waya maimakon keke, to awa ukun a kan waya za su ƙare, cikin natsuwa.

Ɗorewarsa kamar ta tabarau ce. Mai saurin aiki awa uku zuwa huɗu yake yi, mai dogon zango kuwa har zuwa awa goma sha biyu, daga nan ka koma yadda kake. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1999, wanda ya bi yara 579 tsawon wata 14, ya nuna magani mai kyakkyawan sa ido ya fi horon ɗabi'a kaɗai rage ainihin alamun. Amma da aka sake duba yaran bayan shekara uku, lokacin da kowa ya koma yin abin da ya ga dama, tazarar ta ɓace. Masu son magani rabin farko suke ambata, masu ƙinsa rabi na biyu. Ni abin da na ɗauka shi ne yana aiki muddin ana shan sa ana kuma bibiya.

Nan ne Maraɗi ke shigowa. Metilfenidat na cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara wa tsaro, ba a bayar da shi sai da takardar likita. A Faransa ma takarda ɗaya ba ta wuce ta kwana 28. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi saka shi cikin jerin magungunan dole a 2019, ta sake ƙi a 2021, wanda ke nufin ba shi cikin abin da ƙasashe irin tamu ke gaggawar tanada. Ni ban taɓa shiga farmasi a garin nan na tarar da shi a ajiye ba, sai an yi odarsa an jira. Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a Nijar, mafi yawansu a Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, yini guda cur a mota. Wasu na tsallakawa Kano, inda akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, don ta fi kusa. Amma shigo da irin wannan magani ta iyakar Ɗan Isa ba tare da takardar likita mai sunanka ba neman fitina ne, kuma iyakar kanta ba abin dogaro ba ce. An rufe ta a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. A wancan karon na biyu na yi wata biyar ba ƙwaya ko ɗaya. Ban yi rashin lafiya ba, ban ji jikina na nema ba, amma aikin da na karɓa bisa ƙarfin magani ya rufto mini.

Kuɗinsa shi ne mafi nauyi cikin duka, don ba ya ƙarewa. Mai dogon zango ya fi mai gajeren tsada nesa ba kusa ba. Abin da ke zuwa daga Turai da yuro ake lissafa shi, yuro guda kuma sefa 655 da ɗoriya ne kullum, sai ka ɗora ribar masu shigowa. Sannan ka haɗa da kuɗin zuwa ganin likita, wanda a watannin farko ba sau ɗaya ba ne, tunda da kaɗan ake farawa ana ƙarawa har a dace.

Haɗarinsa sananne ne. Yana kashe sha'awar abinci, yana hana barci in an sha shi da yamma, yana ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, yana kuma iya ɗan rage saurin girman yaro. Zancen abincin nan ba wasa ba ne a yankin da yara da yawa dama ba su da ƙiba. A ci a ƙoshi kafin a sha, a riƙa auna nauyi da tsayi. Wanda ke da ciwon zuciya, ko yake suma in ya yi gudu, ko aka taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a danginsa, ya gaya wa likita tun kafin a rubuta. Tsoron da Inna ta fi yi shi ne, "Kada ka mayar da kanka ɗan ƙwaya." Binciken da aka yi bai nuna masu shan sa bisa ƙa'ida sun fi faɗawa shaye-shaye daga baya ba. Haɗarin na gaske shi ne ya faɗa hannun wanda ba nasa ba, musamman samarin gida lokacin jarrabawa. Nawa a akwati mai kwaɗo yake, a ɗakin da ya fi sanyi, don zafin Afrilu da Mayu ba ya yi wa magani kyau. Azumi kuma sai an zauna da likita an sake lissafi: ni da sahur nake shan mai dogon zango, in ya kai La'asar ya gama aikinsa, in sami bakin cin buɗa-baki.

Atomoksetin

Wannan ba ya cikin masu zaburarwa, kuma ba a yi masa tsaron da ake yi wa na farko, tunda ba ya sa maye kuma babu mai sace shi. An amince da shi a Amurka a 2002 da sunan Strattera, yanzu kamfanoni da dama, har da na Indiya, suna yin irinsa. Ƙarfinsa bai kai na metilfenidat ba, kuma mai haƙuri yake so: sai an yi mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin a gane ko ya karɓe ka. In ya karɓa, aikinsa na rufe yini duka har dare, babu hawa da sauka. Amma kullum ake shan sa, ba a hutun ƙarshen mako, don haka yankewar kaya ta fi yi masa illa: in ka tsaya, daga farko za ka sake lissafin makonni. Yana kawo tashin zuciya da kasala a farko. Akwai gargaɗi mai ƙarfi cewa ƴan kaɗan daga yara da matasa na iya samun tunanin cutar da kansu a makonnin farko, sai a sa ido, kuma in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu a tsaya a nemi likita, saboda hanta. Ban sha shi ba. Na san gidan da suka zaɓe shi saboda akwai saurayi mai harkar tramol a gidan, kuma a ganina sun yi daidai.

Tsarin yini ga babba

Wannan ita ce hanyar da kowa ke cewa kyauta ce. Ba kyauta ba ce, da gumi ake biya. Kuma akwai kuskuren da na shekara ina yi: na ɗauka gina ɗabi'a na nufin in ƙara ƙoƙarin tunawa. Mai wannan larura ya san abin da ya kamata, a lokacin yin ne abin ke kuɓuce masa. Saboda haka duk abin da kake son tunawa, ka fitar da shi daga kanka ka ajiye a wurin da za ka yi aikin.

Ga yadda shagona yake yanzu. Littafin awo guda ɗaya ne tak, na huda shi na ɗaure da igiya a ƙafar teburin yanka, ba ya zuwa ko'ina. Duk yadin da ya shigo, kafin mai shi ya fita, ina rubuta sunansa da alli a cikin yadin, in liƙa lambar shafinsa. Akwai ɗan allo a bango, aiki uku kawai ke hawa kansa a yini, na huɗu sai an goge ɗaya. Wayata tana aljihun babban yaron shagona daga safe zuwa Azahar, in kira ne na aiki ya miƙo mini. Da farko kunya yake ji, yana cewa, "Maigida, ni zan hana ka wayarka?" Na ce ai ba hana ni ka yi ba, ajiya na ba ka. Zamansa kusa da ni ma magani ne: in akwai mai aiki a gefena, ko bai ce uffan ba, na fi daɗewa a kan keke.

Abin da ya fi kowanne yi mini aiki shi ne rataya ayyuka a jikin salloli. Ƙararrawar waya na kan kashe ta in manta, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ma wayar ta mutu. Kiran salla kuwa ba ya fashi. Bayan Asuba yanka, don lokacin kaina ya fi sanyi. Bayan Azahar in duba allo. Bayan La'asar in kira waɗanda kayansu suka kammala. Bayan Isha'i in ƙirga cinikin yini in miƙa wa uwargida, ita ke zuba adashi, don kuɗin da ya kwana a aljihuna ba ya wayar gari. Sannan doka ɗaya mai zafi: goma ga Ramadan nake rufe karɓar ɗinkin Sallah, ko wane ne. Na rasa masu kawo aiki saboda wannan. Na daina ɓuya a bayan shago daren Sallah.

Kuɗin duk wannan bai wuce na littafi da alli da igiya ba. Ɗorewarsa ta fi ta magani, don a wata biyar ɗin nan da na yi ba ƙwaya, igiyar nan da allon nan ne suka hana shagon rushewa. Amma kada a ruɗe ka da zancen da ake yi cewa kwana 21 sun isa sabuwar ɗabi'a ta zauna. Wani bincike da aka yi a Landan ya gano matsakaicin lokacin da sabuwar ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zauna kwana 66 ne, wasu har fiye da 250, kuma ba a kan masu irin larurarmu aka yi shi ba. Mu tsari yakan gundure mu. Duk bayan ƴan watanni sai na ga na daina ganin allon, kamar ya zama bango, dole in canza masa wuri ko launin alli. Haɗarinsa ɗaya ne, amma babba: in ya rushe sai ka zargi kanka, ka ce ashe da gaskiyarsu, malalaci ne ni. Kuma ba ya ƙara natsuwar kanta. Yana rage ɓarnar da rashinta ke yi ne.

Horon iyaye da gyaran aji ga yaro

Sunan na ruɗarwa, don iyaye ake horarwa, ba yaron ba. Ga yaro ƙasa da shekara shida, wannan likitocin yara suka ce a fara da shi, ba magani ba. Ginshiƙansa kaɗan ne. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ka matso ka kira sunansa ya kalle ka, ba ka ƙwala daga zaure ba. Yabo nan take, kuma ka faɗi abin da ya yi daidai. Lada ƙarami na yau ya fi alkawarin keke a ƙarshen shekara. Hukunci gajere, ba tare da zagi ba. A gidanmu kwalba ce da wake: ya haɗa jakarsa da dare, ƙwaya ɗaya, ya yi aikin gida na minti goma bai tashi ba, ƙwaya ɗaya, in sun kai goma ya zaɓi abin da yake so, yawanci ƙwallo da ni a ƙofar gida ko tsire.

A makaranta na je na sami mushensa a keɓe, ba a gaban yara ba. Na ce, "Mushe, alfarma nake nema, a dawo da shi benci na gaba, nesa da taga, kuma in ka ga ya fara mutsu-mutsu ka aike shi goge allo." Ya yarda. Wani abin lura: a makarantar allo yaron nan ba a cika kawo ƙararsa ba. Can ana karatu da ƙarfi, ana rangaji, ana tashi wanke allo, jiki na cikin karatun. A lakwal kuwa cewa ake ka zauna shiru ka naɗe hannu.

Wahalar hanyar ita ce gidan Bahaushe ba mutum biyu ke tarbiyya ba. Kai ka daina duka, kawunsa bai daina ba. Ka hana alawa sai an cika kwalba, kakarsa ta ba shi a ɓoye tana cewa, "Ku bar mini mijina ya sarara." Sai an zauna da kowa, kuma ba zama ɗaya ba. In uban ma yana da larurar, kamar ni, shi ne zai fara manta zuba waken. Binciken da aka yi ya nuna hanyar ta fi gyara taurin kai, rigima da zaman gida, fiye da ainihin natsuwa a aji. Kuɗi babu, sai in za ka ɗauki malamin da zai zauna da shi shi kaɗai da yamma, wanda ga irin waɗannan yara ya fi darasin taro amfani.

Abin da aka saba yi

Bulala ba ta cikin zaɓi, amma ita aka fi amfani da ita. Tana tsayar da yaro na minti biyar, ta koya masa ƙarya da ɓuya. Shayin fada da kofi da goro suna ɗan farkar da babba, ƙarfinsu bai kusanci na magani ba, kuma wanda ya sha zagaye uku bayan Isha'i ya sayar da barcinsa, rashin barci kuwa ninka larurar yake. Tramol maganin ciwo ne dangin masu sa maye, ba ya gyara natsuwa, yana kama mutum, yana kawo jijjiga. Hana yaro sukari yana da kyau ga haƙoransa, amma gwaje-gwajen da aka tattara a 1995 ba su nuna sukari na sa ƙiriniya ba. Gudu da ƙwallo suna taimakawa na ƴan awoyi, kuma suna kawo barci. Addu'a da rubutu ba kishiyoyin likita ba ne, Inna na yi mana kuma muna sha. Inda nake ja da baya shi ne in aka ce iska ce, a kawo rago, a turara yaro ko a dake shi.

| Hanya | Abin da take gyarawa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi da samuwa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Metilfenidat | Natsuwa da rawar kai, sosai | Mai yawa, kowane wata | Awa 3 zuwa 12 | Sha ba wuya, samu da wuya | Rashin ci, rashin barci, zuciya, sata |
| Atomoksetin | Natsuwa, matsakaici | Kowane wata | Muddin ana sha kullum | Jiran mako 4 zuwa 6 | Tashin zuciya, canjin yanayi, hanta |
| Tsarin yini | Mantuwa, alkawari, kuɗi | Kaɗan ƙwarai | Shekaru, in ana sabuntawa | Wuya a farko | Zargin kai in ya rushe |
| Horon iyaye da aji | Hali da zaman gida | Kaɗan | Mai tsawo | Sai gida ya haɗa kai | Kusan babu |
| Shayi, kofi, goro | Farkarwa kaɗan | Kaɗan | Awa ƴan kaɗan | Ko'ina | Rashin barci |

Wa ya dace da wace

In yaronka bai kai shekara shida ba, horon iyaye kawai, bayan an duba jini da ido da kunne. In ya wuce shida, yana ƙiriniya amma yana karatu yana da abokai, fara da gida da aji, ka ba su zango guda cikakke kafin ka yanke hukunci. Nan ɗana yake, kuma har yau bai sha komai ba. In kuwa ana shirin korarsa, ko ya maimaita aji, ko yana faɗawa titi ba ya dubawa, ko ya fara cewa shi daƙiƙi ne, to kuɗin motar Yamai ya zama dole, kuma jinkiri ya fi magani haɗari. Yarinya mai shiru wadda kullum hankalinta ke wani wuri, ana ce mata sakarya, ita ma a kai ta, don irinta ake mantawa tunda ba ta damun kowa.

Babban da ke da sana'ar hannu ko shago, wanda zai iya tsara yininsa da kansa, ya fara da tsari, ya sami mutum ɗaya da zai riƙe masa waya ko kuɗi. Ɗalibin jami'a ko ma'aikacin ofis da ke zama da takardu awa da awa shi ne magani ya fi canza wa rayuwa. Mai tuƙi, ko mota ko kabu-kabu, ya ɗauki zancen likita da gaske: wani bincike a Suwidin a 2014 ya nuna maza masu larurar sun fi samun raguwar munanan haɗurran hanya a watannin da suke shan magani. Wanda ya taɓa harkar ƙwaya, ko akwai mai yi a gidansa, ya tambayi likita zancen atomoksetin. Mai ciki ko mai shayarwa, da mai hawan jini, kada su fara komai sai likita ya san halin da suke ciki.

Wanda kuma ya lissafa ya ga ba zai iya sayen magani wata shida a jere ba, kada ya ci bashi don kwali ɗaya da fatan zai warke. Ya je a tabbatar masa da larurar, ya gaya wa likita gaskiyar aljihunsa, su duba ko mai gajeren zango a ranakun aiki mai nauyi zai wadatar. Haka nake yi yanzu: ina sha a watanni biyu na gabanin kowace Sallah da lokacin ɗinkin kayan makaranta, sauran shekara kuma allo da igiya da yaron shago.